Ƙarar Fankar Kwamfuta: A Fara Nema Mata Iska

Ina gaida mutanen Jiratawa, da na birnin Maradi, da na Tibirin Gobir, da duk wanda muryar nan ta isa kunnensa.

Yau hirarmu a kan kwamfuta ce. Ba ta ɗauka a jaka ba. Babbar nan ta tebur mai akwati, wadda ake gani a ma'aikatar magajin gari, da wurin aika kuɗi, da shagunan buga takardu da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ke cikawa lokacin rubutun kammala karatu. Kada wanda ba shi da ita ya juya tasha. Takardar neman aikin ɗanka a kanta ake bugawa. Kuɗin da ɗan'uwanka ya aiko daga Agadas a cikinta ake duba su. Ranar da ta tsaya, kai ne za ka wuni a layi.

Abin da ya kawo maganar, ƙara ce. Duk wanda ya taɓa zama kusa da irin wannan kwamfuta a watan Afirilu ya san ta. Da safe tana ɗan huci a hankali. Kafin azahar ta fara gurnani. Mai ita ya gaji, ya kai mata mari a gefe. Ta yi shiru na ɗan lokaci, ta sake ɗauka. Daga nan sai a shiga neman dabarar rufe mata baki.

To ga maganata, kuma zan yi ta nanata ta har mu rabu. A ƙasa mai zafi irin tamu, iska ake fara nema wa kwamfuta, sannan a nemi shiru. In iska ta samu hanya, ƙara za ta ragu da kanta. In aka danne ƙara aka bar hanyar iska a toshe, na'urar ce za a rasa.

Bari mu fara da inda zafin yake fitowa.

A bayan kwamfuta, daidai inda ake soka igiyar wuta, akwai wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai raga. Masu gyara a nan suna ce masa alimantasiyo. Mu kira shi akwatin wuta. Aikinsa ɗaya ne. Yana karɓar wutar NIGELEC mai ƙarfin bolt 220, ya sauko da ita zuwa bolt 12 da abin da ya yi ƙasa, yadda kayan ciki za su sha ba su ƙone ba. Duk wutar da kwamfuta ke ci, ta cikinsa take bi.

Amma wutar ba ta fita yadda ta shiga. Wani kaso yana zubewa a hanya, ya koma zafi. A shekarar 2004 aka fito da wani tambari a Amurka mai suna 80 Plus. Akwatin da ya samu wannan tambari, aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya sha yana isa ga aiki. Ku lura, mai kyau ke nan. Ko shi, kusan kashi ɗaya cikin biyar na iya zama zafi. Wanda ba a san asalinsa ba kuwa, ɓarnarsa takan fi haka. Kuma duk zafin nan a ɗan akwatin da za ka ɗauka da hannu ɗaya yake taruwa.

Shi ya sa aka sa masa fanka. Yawancin akwatunan kuma suna da ɗan ma'aunin zafi a ciki. Zafi ya hau, fanka ta ƙara gudu. Ta ƙara gudu, kukanta ya ƙaru. Ke nan hucin azahar ba lallai ne lalacewa ba. Sau da yawa fankar aikinta take yi, tana kokawa da zafin da muka tara mata.

Yanzu mu dawo gida, mu dubi yanayinmu.

Matasanmu na kallon shawarwari a intanet kan yadda za a sa kwamfuta ta yi tsit. Ban ce ƙarya ake faɗa masu ba. Sai dai masu ba da shawarar galibi a ƙasashen sanyi suke, ɗakinsu bai wuce digiri 20 da ƴan kai ba. Mu nan Maradi, a Afirilu da Mayu ma'auni yana haura 40 a inuwa. Shago mai rufin kwano, ba silin, ƙofa ɗaya, ba taga, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki da ƙarfe biyu na rana. Fanka ba ta yin sanyi da kanta. Iskar ɗaki take ja. In iskar ɗakin mai zafi ce, dole ta ja da yawa kafin ta yi aikin da kaɗan ke yi a can. Dabarar da ta yi wa Bafaranshe amfani a watan Janairu, in ka ɗauko ta ka kawo Jiratawa a bazara, kana iya toya kayanka.

Akwai kuma abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba, wataƙila su ma ba a faɗa masu ba. Ƙarfin da aka rubuta a jikin akwatin wuta, wat kaza, a wani zafi aka auna shi. Wasu masu araha a ɗaki mai sanyi ake gwada su. Masu nagarta su ne ake gwadawa a zafi mai kama da namu. Akwati yana zafi, ƙarfinsa yana raguwa.

Wanda ya fi shan wahala a ciki shi ne kwandansa. Wasu ƴan gwangwanaye ne masu ruwan sinadari, suna daidaita wuta. Zafi na busar da su a hankali. Injiniyoyi suna da wani lissafi da suke aiki da shi: duk ƙarin digiri 10, rayuwar irin wannan kwandansa tana raguwa da rabi. Ku sake saurara. Digiri 10 kacal, rabin rayuwa. Ba ya mutuwa rana ɗaya. Sai ka ga kwamfuta ta fara kashe kanta ana tsakar aiki. Sai ta ƙi tashi sai an danna sau da yawa. Mai gyara ya buɗe, ya ga kawunan gwangwanayen sun kumbura. A ce ai kayan tsofaffi ne. E, tsofaffi ne. Amma rashin iska ne ya gaggauta tsufan.

Wannan ke nan game da zafi. Yana da abokiyar tafiya, ita ce ƙura.

Hazon da ke rufe mana rana a hunturu, daga nesa yake tasowa. A arewacin Cadi akwai wani kwari mai suna Bodele, gindin tsohon tafki ne da ya ƙafe. Masana na lissafa shi cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Iskar arewa maso gabas ke kwaso ta, ta kawo mana har cikin ɗaki. Ga ta titi da ƴan kabu-kabu ke tayarwa. Ga ƙaiƙayin gero lokacin sussuka. Kwamfuta kuwa tun safe har dare shaƙa take yi. Ƙurar nan ta kwanta a kan ƙarafan da ke fitar da zafi, ta lulluɓe su. Ta toshe raga. Ta manne a fukafukan fanka, wani ya fi wani nauyi, fanka ta fara rawa tana kaɗa akwati. Kun ga yadda abin yake haɗuwa? Ƙura ta hana iska, zafi ya hau, fanka ta ƙara gudu, ƙara ta cika ɗaki.

A nan zan yi magana da iyayenmu mata, da duk mai son tsabta. Ana ɗinka wa kwamfuta riga, ko a yafa mata zane saboda ƙura. Niyya ce mai kyau, kuma ina goyon baya. Amma da sharaɗi. A lulluɓe ta in an kashe, ta huce. A yaye gaba ɗaya kafin a kunna. Ba a ɗage gaba kawai a bar baya a rufe ba, domin ta baya take fitar da numfashi.

Sai wurin ajiya. Ƙasan ɗaki shi ne matattarar ƙura. Ana shara, tana shaƙa. Ana shigowa da takalmi, tana shaƙa. A ɗaga ta, ko a kan ɗan benci ne. Kada a ɗora ta a kan darduma ko kafet, ƙafafunta su nutse, ƙofofin ƙasa su rufe.

Wani abu kuma da ba za ka gani a littafin da ke zuwa da na'ura ba: baƙin da ke tarewa a ciki. Kwamfutar makaranta da aka rufe tsawon hutun damina, zanzaro na iya gina ɗakinsa na laka a ragarta. Kyankyaso na son ɗumin wurin. Tsaka in ta kutsa cikin akwatin wuta ta haɗa inda bai kamata a haɗa ba, ita da akwatin duka sun tafi. Malaman makaranta, ranar komawa aiki a haska tocila a leƙa kafin a danna.

To, mu zo kan hanyar iska ita kanta, domin nan ne zuciyar maganar.

Tsarin da yawancin kwamfutocin tebur ke bi, kamfanin Intel ne ya fito da shi a 1995, ana ce masa ATX. Da farko an so fankar akwatin wuta ta riƙa hura iska zuwa ciki, a kan ƙwaƙwalwar kwamfuta. Daga baya aka juya ta, ta koma fitarwa waje, domin iskar da ta riga ta bi ta cikin akwatin wuta ta ɗumama. Manyan injiniyoyi ma sai da suka sake shawara a kan ina iska za ta shiga, ina za ta fita. Saboda haka ba ƙaramar magana ba ce.

A tsofaffin kwamfutoci, waɗanda suka fi yawa a kasuwarmu, akwatin wuta a sama yake, ta baya. Iskar da yake ja ba daga waje take zuwa ba. Daga cikin kwamfutar take, wadda ta riga ta kwashi zafin duk sauran kayan. Wato yana ɗauke da zafinsa, ga na maƙwabta. In shi kaɗai aka bar wa aikin fitar da iska, dole ya yi kuka. Sauƙin da za a yi masa, a ƙara wata fanka a bangon baya, ta raba masa kaya. A tabbata ƙofofin gaba a buɗe suke. A tattara igiyoyin ciki a ɗaure su gefe, kada su tare hanya.

A sababbi kuwa, akwatin wuta a ƙasa yake zama. Nan sai an lura. In akwai raga a gindin kwamfutar, kuma tana da ƙafafu, fankar ta dubi ƙasa. Ta haka za ta ja iskarta daga waje, ba ruwanta da zafin ciki. Galibi akwai ƴar matata a wurin, ana zaro ta a wanke, a shanya ta bushe sarai a mayar. In babu raga a gindin, fankar ta dubi sama. Kuskuren da ke kashe akwati shi ne a kifa fanka a kan rufaffen ƙarfe. Tana juyawa, tana kuka, ba abin da take ja.

Bayan kwamfuta kuma yana son sarari. Kada a manna ta da bango. A bar aƙalla taƙi guda, in da hali kamu ɗaya. Teburan nan da kafintocinmu ke yi masu ɗan ɗaki na saka kwamfuta, suna da kyan gani. Amma in bayan a rufe yake, iskar da ta fita ita ce za ta sake shiga. Malam kafinta, don Allah a buɗe bayan. Mai tebur, in an riga an yi, a kira shi da zarto.

Na san wasu za su ce, mu ai cire murfin gefe muke yi, mu juya mata fankar ɗaki. A ranar da zafi ya kai intaha, kuma aiki ba ya jira, ban hana ba. Amma kada ya zama ɗabi'a. An buɗe wa ƙura ƙofa, an buɗe wa yatsun yara. Ƙananan kwamfutocin ofis irin na Dell da HP kuma, an tsara iskarsu ta bi hanya ɗaya daga gaba zuwa baya. In murfi ya tashi, iskar sai ta watse, wani lungun ya rasa.

Ga gwajin da kowa zai iya yi. A tsinko zare, a riƙe shi a bayan ragar akwatin wuta ana cikin aiki. In zaren ya tashi waje, iska na fita. A kara bayan hannu. Ɗumi ba laifi ba ne, alama ce zafi yana samun mafita. In ragar ta yi zafi rau kuma zaren bai motsa ba, ko aka ji ƙauri, a kashe nan take.

Iska tukuna, jama'a. Iska tukuna.

Yanzu mu koma ga kunne. Mutanen Jiratawa, ku ba baƙin inji ba ne. Tun farkon shekarun 1980 da aka shimfiɗa filin noman rani a fadamar Gulbin Maradi kuke tare da ban-ruwa, zogalenku ya yi suna har Yamai. Mai injin ban-ruwa yana can ƙarshen gona, ya ji kukan ya sauya, ya san ruwa ya yanke ko tiyo ya toshe. Ba ya cewa a rufe wa injin baki. Tafiya yake ya duba. Irin wannan kunnen nake so mu ara wa kwamfuta.

Akwai huci mai santsi, fuuu, ba tangarɗa. Wannan ƙarar iska ce, lafiyayya. In ta yi yawa, zafi ko ƙura za a bincika, ba fankar ba.

Akwai gurnani mai kaushi, ƙarrr, wanda ya fi fitowa da an kunna, musamman da sanyin safiya, sannan ya lafa. Wannan daga gindin fankar yake, inda sandarta ke juyawa. Fankoki masu araha, sandar a cikin ɗan bututu mai maiƙo take gudu. Zafinmu na busar da man, ƙura ta shiga ta ci wurin. Masu boris sun fi jure zafi, ko da yake suna da ɗan sautinsu. Marin da ake kai wa kwamfuta ta yi shiru, sandar ce ke komawa mazauninta na ɗan lokaci. Ba magani ba ne. Kuma marin nan yana iya lalata faifan da ke riƙe da dukan ayyukanka. Fankar da ta fara gurnani, sanarwa take ba ka cewa kwananta sun kusa.

In ka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere, yawanci igiya ce ke taɓa fiffike. In ka ji tebur duka yana amsawa, zuuu, a dubi kusoshin da suka kwance, a yanko tsohon tiyub a sa ƙarƙashin ƙafafu. Akwai kuma wata siririyar tsuwwa, tsiii, wadda yara suka fi manya ji. Ita ba daga fanka take ba, wasu naɗaɗɗun wayoyi ne ke rawa a ciki. Tana da ban haushi, amma sauya fanka ba zai kore ta ba.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce shiru. Kwamfutar da ta shekara tana gurnani, yau ka kunna ka ji tsit. Kada ka ce alhamdu lillahi ta warke. Kai hannu baya. Sau da yawa fankar ce ta cije. Akwai dai wasu akwatunan zamani masu tsada da aka yi su da gangan fankarsu ta huta in aiki ba yawa, ta tashi in zafi ya hau. In irinsu gare ka, kai ka sani, domin ka biya. In tsohuwar kwamfutar ofis ce da ta ƙetaro teku, shirunta abin dubawa ne.

Daga nan sai dabarun da nake roƙo a daina.

Wani ya soka tsinke a raga ya tsayar da fanka. Wani ya yanke wayarta. Wani mai ɗan ilimi ya rage mata wuta don ta riƙa juyawa a hankali. Duk sun samu shirun da suke so. Amma garin neman gira ake rasa ido. Akwatin wuta mai kyau in ya yi zafi yakan kashe kansa. Marar kyau ba ya kashe kansa, ƙonewa yake, wani lokaci ya tura wuta ta banza ya tafi da sauran kayan.

Sai man gyaɗa. Mu Maradawa gyaɗa ta yi mana rana, amma ba a gindin fanka ba. Man girki yana daskarewa ya zama danƙo, ya kama ƙura. In dole sai an ɗiga, man keken ɗinki ne, ɗigo ɗaya, kuma jinkiri ne kawai aka saya. Gyaran gaskiya shi ne sabuwar fanka mai girma ɗaya da ƙarfin wuta ɗaya. Mai gyara ya kula da fuskar da ta duba. Yawanci akwai ƴar kibiya a gefenta mai nuna inda iska ke bi. In aka juya ta, an gyara ƙara an ɓata iska.

Ku kasa kunne a nan, ƴan'uwa, musamman samari masu son kwance-kwance. Kada wanda bai koya ba ya buɗe akwatin wuta. Manyan kwandansan cikinsa suna riƙe wutar da ta haura bolt 300, kuma suna iya riƙe ta bayan an zare igiya. Tana iya kisa. Murfin kwamfuta kowa na iya buɗewa ya share. Murfin akwatin wuta na mai sana'a ne.

Yaya ake sharar? A kashe, a zare igiya daga bango. A fitar da ita waje, a rufe hanci. A sa buroshi mai laushi da abin hura iska, ko famfon keke ne. A tokare fiffiken fanka ta cikin raga da ɗan tsinke, kada iska ta juya ta fiye da kima, a kuma tuna a cire tsinken. Masu kai wa mai faci ya hura da babban injinsa, a yi hattara. Iskar tana da ƙarfi, kuma takan zo da ruwa da mai. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen hunturu, kafin bazara ta kama. Sai a sake kafin ruwan farko, domin ƙura in ta sha laimar damina tana iya haɗa wuta.

Sauran magana ɗaya da ba za a tsallake ba, ita ce wutar kanta.

Wani kason wutar da Maradi ke sha daga Najeriya yake zuwa, ta layin Katsina zuwa Gazawa. Kowa ya tuna watan Agustan 2023, da aka yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. Shaguna da yawa sun koma kan janareto da hasken rana. Me ya haɗa wannan da fanka? In wutar ta yi rauni, akwatin wuta yana ƙara ja don ya cike giɓi. Yana ƙara ja, yana ƙara zafi. A bazara kuma, lokacin da kowa ya kunna fanka da firji, a lokacin ne wuta ta fi rauni, a lokacin ne ɗaki ya fi zafi. Regilatar mai daidaita wuta da ondilar mai ajiyar wuta suna taimakawa. Amma su ma zafi suke fitarwa. Kada a jibge su a bayan kwamfuta, hucin wannan ya shiga hancin wancan.

Masu sayen kwamfuta ta hannu, a duba bayanta kafin a soka. Wasu tsofaffin akwatunan suna da ɗan jan maɓalli, gefe ɗaya 115, gefe ɗaya 230. Wadda ta fito daga Amurka tana iya zuwa a kan 115. Aka soka ta haka a wutarmu, ƙara ɗaya za a ji, sai hayaƙi.

In kuma sabon akwati za a saya, ga abin da ni zan duba. Babbar fanka ta fi ƙarama. Mai faɗin santimita 12 tana tura iska mai yawa tana juyawa a hankali, mai santimita 8 sai ta yi gudu kafin ta kamo ta, gudun kuwa shi ne ƙara. A sayi wanda ƙarfinsa ya ɗara buƙata, domin akwatin da ke aiki a rabin ƙarfinsa ya fi sanyi, ya fi shiru. A ɗaga shi a ji. Nauyi ba hujja ba ne, amma wanda ka ji shi sakayau alhali an rubuta masa babban lamba, ka yi shakka. Alhaji mai shago, na san jika biyu ko uku da za a rage suna da daɗi. Araha dai ba ta ado.

Ban manta da ku ba, masu ɗaukar wa'azi da waƙa da tallace-tallace. Ku kam shiru sana'arku ce, domin makirfo ba ya yafe hucin fanka. Mu ma nan da shi muke fama. Kada a kulle kwamfuta a kwali ko a naɗe ta da katifa. A sayi doguwar igiya, a matsar da ita nesa da makirfo, in da hali ɗaki na gaba, inda iska ke wucewa. A juya bayanta ga barin mai magana. Aikin da ke son natsuwa a yi shi da asuba ko da dare, lokacin da fankar ba ta cikin wahala.

To jama'a masu saurare, lokaci ya cimma mana. Gobe in Allah ya kai mu, wanda ke da kwamfuta ya tafi wurin aiki da ɗan zarensa a aljihu. Wanda ba shi da ita, in ya je buga takarda ya ga an manna ta da bango ko an yafa mata zane tana aiki, ya yi wa mai shagon magana da lalama. Masu gyara na Maradi da Tibiri da Jiratawa, muna jiran ku aiko mana da abin da kuka fi cin karo da shi a bana, mu karanta wa jama'a. Allah ya sa mu ga damina lafiya.